Kunnen Vanessa: Shafi na 12

Kafin mu shiga, akwai abin da ke cina tun jiya. Na zauna na rubuta muku yadda fatar Liyatu ta koma kamar ledar biredi, yadda nankarwa ta tsattsaga mata cinya da hammata, yadda ba ta iya tsayawa a rana sai fuskarta ta ɗau zafi kamar an watsa mata barkono. Da na buɗe saƙonninku, me na tarar? "Don Allah meye sunan man da take shafawa?" Har da wadda ta ce ita kaɗan za ta shafa, na bikin ƙanwarta kawai.

Ba zan faɗa ba. Mai son fatarta ta yi lafiya, launinta ya daidaita, abin ba ɓoyayye ba ne. Sabulu mai sauƙi wanda ba ya ƙona fata. A daina dirzar fuska da soso kamar ana wanke tukunya. Man kaɗanya tsantsa bayan wanka, tun jiki da danshi. Hula ko lema in za a shiga rana, a kuma bar matse ƙuraje. In tabo ya ƙi tafiya a je asibiti, ba shagon mai haɗi ba. Duk kun san wannan. Kun dai fi son wanda zai mayar da ku wasu mutane daban kafin ƙarshen wata. To ku karanta.

Ga waɗanda suka shigo a nan: Liyatu da Eva ubansu ɗaya, ya rasu. Uwar Liyatu ta mutu tun tana ƙarama, baban ya auri uwar Eva. Liyatu ta fara bilicin tun tana makaranta a Yola. A can Kwaji, mijinta na yanzu, ya neme ta tana fara tas, ita kuma ta gaya wa danginsa cewa hasken na uwarta ne. Eva, wadda ta karanta harhaɗa magunguna, ta san a da yayarta ta fi ta baƙi. Yanzu Liyatu ta haifi Vanessa, Eva kuma ta dawo Mubi bayan wata biyu da aiki ya riƙe ta a waje.

*

Mama Miriyamu, uwar Kwaji, tana tsakar gidansu na Lamorde tana tsince waken da aka kawo daga gonar Digil lokacin da Eva ta yi sallama.

"A'a! Ga likitan gidanmu. Yau kin tuna da mu?"

"Ina kwana, Mama. Ina 'yata?"

"Tana ciki. Je ki ga ikon Allah. Yarinyan nan ta yi ƙiba, ta yi fes, kumatu kamar an hura. Ran Lahadi a coci hannu-hannu aka yi ta yi da ita, har matar fasto ta ce a ba ta aro." Ta yi dariya, ta watsar da tsakuwa gefe. "Ni da na fara jin tsoro. Ashe jinin gidanmu ne bai fito da wuri ba."

"Tsoron me, Mama?"

"Bar shi, ya wuce. Jikinta ne dai da ɗan zafi tun shekaranjiya. Haƙori ne. Na jiƙa mata abu."

"Haƙori a wata huɗu?"

"Ubanta ma haka ya yi. Shi kuwa uban, zo ki ga abin dariya. Kullum da safe in na gama yi mata wanka sai ya karɓe ta ya shige falo, wai shi zai shafa mata mai ya sa mata kaya. Namiji! Ubansa har ya mutu bai san inda ake ajiye hodar yara ba."

Eva ta yi murmushin dole, ta wuce ɗaki.

Labule a sake yake, kamar kullum. Liyatu na bakin gado cikin riga mai dogon hannu duk da zafin da ake yi. Vanessa na kan cinyarta. Ba kuka take ba, wani ɗan ƙaramin nishi take yi.

"Yaya, sannu da gida."

"Kin dawo? Ba ki ce kina hanya ba."

"Miƙo min ita."

"Yanzu ta samu barci."

"Idonta biyu. Miƙo min."

Eva ta karɓe ta, ta ja labule da ɗaya hannun. Haske ya faɗo a kan yarinyar.

Jaririyar da ta bari baƙa ce mai sheƙi, mai siririyar fuska irin ta babansu. Wannan ba ita ba ce. Fuskar ta kumbura ta yi zagaye kamar faranti. Kumatun sun yi ja, ana ganin ƙananan jijiyoyi kwance ƙarƙashin fata kamar zare. Wani lallausan gashi ya fito mata a goshi da gefen fuska. Hannuwa da ƙafafu kuwa sirara, ba su bi fuskar ba. Da Eva ta ɗaga mata haɓa, fatar wuyan ta saɓule, tana tsattsafo da ruwa. Jikin zafi rau.

Ta sunkuya ta shinshina wuyan.

Ta san warin nan. Ƙamshin lemo a sama, a ƙasa kuma wani ƙarni kamar na ɗanyen kifi. Shekaru tana jin sa a jikin yayarta.

"Yaya."

"Na'am."

"Me kike shafa wa yarinyar nan?"

"Man kaɗanya. Wanda kika kawo. Ga shi can kan tebur."

"Ban tambaye ki abin da ke kan tebur ba."

"Eva, kin shigo ke nan. Ko ruwa ba ki sha ba za ki fara."

Eva ta kwantar da Vanessa a tsakiyar gado, ta durƙusa, ta jawo akwatin zannuwa daga ƙasa. Liyatu ta riƙe mata hannu.

"Mene ne haka? Kayana ne."

"Sake ni."

"Ni fa yayarki ce."

"Na sani. Sake ni."

A ƙarƙashin zannuwan akwai babbar robar da Eva ta sani, mai shuɗin murfi, ta Liyatu. Kusa da ita akwai wata 'yar ƙarama mai jan murfi. Ita ce Eva ba ta taɓa gani ba. Ta ɗaga ta sama.

"Wannan ta wace ce?"

Liyatu ta kalli ƙofa. Ta tashi ta tura ta, ta jingina bayanta da ita.

"Rage murya. Mama na waje."

"Ta wace ce?"

"Anti Victoria ta ce na yara ne. Ta ce ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Ta ce 'ya'yan manya ma shi ake..."

"Anti Victoria! Matar da ke haɗa mai a bokitin fenti da muciya? Na taɓa tsayawa a bayan shagonta, Yaya. Da idona na ga tana matse tubobin maganin kemis a ciki, irin wanda likita ke ba babban mutum ya shafa a ɗan wuri na kwana kaɗan, yana gargaɗinsa. Shi kika ɗauka kika mulke jaririya da shi?"

"Ba kya cikin ɗakin ranar da aka haife ta."

"Me ya haɗa wannan da..."

"Ba kya ciki! Ki bari in faɗa."

Liyatu ta zame ta zauna a ƙasa. Hannun rigarta ya ja baya, gaɓoɓin yatsunta suka fito baƙi ƙirin a kan farin hannu.

"Ko gama goge ta ba a yi ba Mama ta karɓe ta. Ba ta duba ko yatsunta sun cika ba. Kunne ta juya. Kin san yadda suke yi. Jariri duk ja yake zuwa, sai a dubi saman kunne, wai launin da ke nan shi ne wanda zai zauna. Ta juya na dama. Ta juya na hagu. Baƙi, Eva. Ta ɗago ta kalle ni, ta kalli Kwaji, ta ce, 'Uwa fara, uba wankan tarwaɗa. To wannan gawayin daga wane murhu?'"

"Wasa ne irin na tsofaffi."

"Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba. Da muka dawo gida kullum sai ta juya kunnen nan. Tana wanka tana juyawa. Yarinya na ƙara duhu, Mama na ƙara shiru. Rannan na ji ta a bayan kicin tana tambayar Kwaji wai watannin da ya yi a wajen kwas, wa yake kai ni awo."

"Wa yake kai ki?"

"Alex. Mai keke napep ɗin nan na ƙofar gida. Kwaji da kansa ya ce ya riƙa kai ni. Amma kin san launin Alex."

Eva ta dafe kai.

"Sai ki buɗe baki ki ce launinki ne! Launin babanmu ne! Ki ce ki dube ni da kyau, Mama, ni ce murhun!"

"In ce me? In ce duk shekarun nan da ƙarya nake kwana a gadonsa? Na ƙona hotunana na makaranta. Na hana ƙawayena na da zuwa bikina. Ke kanki sai da na roƙe ki kika yi shiru. Ya ga fara ya aura. In na ce masa baƙa ce, me ya rage masa a wurina?"

"'Yarsa ta rage masa."

"Da za su ce ba tasa ba ce."

"Sai ki zaɓi a ce tasa ce ko da gawa ce?"

Liyatu ta ɗago kamar an mare ta.

"Kar ki sake faɗin haka."

"Dube ta! Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Maganin ya shige jininta. Fatar jariri ba ta tare komai, abin da kika shafa kamar kin ɗura mata ne. Coci guda, mata cike, kowa ya ɗauke ta ya ce tubarkalla, babu wadda ta ce yaya fuska kamar faranti hannu kamar tsinke. Don me? Don fara ce. A garin nan in yaro fari ne, ko mutuwa yake yi sai a ce ya yi kyau."

"Na daina."

"Me?"

"Na daina tuntuni. Sati biyu kawai na shafa mata. Da na ga kumatun sun fara tashi tsoro ya kama ni, na rufe robar na tura ƙasan akwati. Buɗe ki gani."

Eva ta buɗe. Robar kusan cike take. Saman man ya bushe ya yi ɓawo, har ya tsage.

Ta sake sunkuyawa kan Vanessa, ta shinshina wuya, ta shinshina ciki.

"Ƙarya kike yi. Sabo ne a jikinta. Na yau ne."

"Jikina ne. Ina goya ta, ina ba ta nono. Nawa ne ke manne mata."

"Kina da wata robar."

"Na rantse da kabarin Baba ba ni da ita."

"Kar ki sa Baba a cikin wannan."

"Na daina, Eva! Na daina, amma ba ta daina haske ba. Kullum ƙara fari take yi. Har na durƙusa a nan na gode wa Allah. Na ce ya ji kukana ne, ya rufa min asiri."

Eva ta buɗe baki za ta yi magana, sai Vanessa ta yi wani irin tari. Nonon da ta sha da jiƙon Mama suka dawo ta baki da hanci. Kanta ya langaɓe gefe. Idanun a buɗe suke, amma ba sa kallon kowa.

"Vanessa? Vanessa!"

Eva ta sure ta, ta kifa ta a hannu tana bubbuga bayan. Ta jefa 'yar robar cikin jakarta.

"Buɗe ƙofar nan."

"Eva, don Allah. Ki ce zazzaɓi ne kawai. Ki ce..."

"Buɗe!"

A tsakar gida suka ci karo da Kwaji, ya dawo daga kasuwa, jakar aikinsa a kafaɗa, ledar nama a hannu. Da ya ga yadda kan yarinyar ke lilo, ledar ta faɗi.

"Me ya same ta?"

"Asibiti, Yaya Kwaji. Yanzu."

Mama Miriyamu ta miƙe, wake ya zube daga zaninta.

"Asibiti a kan haƙori? Ku ba ni ita, ku yaran zamani komai sai allura."

Keken da ke ƙofar gida ɗaya ne, na Alex. Mama ta tsaya tana kallonsa kamar ba za ta shiga ba. Da ta ga za a tafi a bar ta, ta shiga ta takure a gefe, ta juya masa ƙeya har suka isa.

*

Nas Halimat ce ta karɓe su a ɗakin yara. Ta nemi jijiya a hannun Vanessa ta rasa, ta nema a ƙafa, ta dawo hannu. Da ta samu ta manna filasta, ta ga ya karkace, ta ɗaga shi a hankali don ta gyara.

Fatar ta biyo filastan.

Wurin ya yi ja sharr, kamar an ɓare dafaffen tumatir.

"Innalillahi." Halimat ta ɗago ta kalli Liyatu, daga fuska har zuwa yatsu. Ta juya ta ƙwala wa likita kira.

Likitan bai daɗe a kan yarinyar ba. Ya sa aka ɗaura ruwa, ya bar Halimat a kanta, ya fito da su baranda su huɗu.

"Su waye iyayen?"

Kwaji ya ɗaga hannu. Liyatu ta kasa.

"Ciwo ya shiga jininta ta wuyan nan da ya saɓule, jikinta kuma ba ya iya faɗa da shi. Na ga irin wannan fuskar a yara, ba yau na fara ba. Me ake shafa mata?"

"Man kaɗanya," in ji Mama. "Ni nake mata wanka. Haƙori ne, likita, ubanta ma..."

"Mama, ba haƙori ba ne. Me ake shafa mata?"



Liyatu ta kalli Eva. Leɓenta kawai ke motsi. Don Allah. Don Allah.

Eva ta zuge jaka, ta fito da robar mai jan murfi, ta ɗora a kan benci.

"Wannan. Haɗin bilicin ne. Akwai maganin kemis mai ƙarfi a ciki."

Mama ta kalli robar, ta kalli Liyatu.

"Bilicin? A jikin jikata? Wa ya..." Ta dafe ƙirji. "Ke? Ke kika yi? To me kike ɓoyewa? Ashe gaskiyata ce! Ashe kunnen nan bai yi ƙarya ba! Kwaji, ka gani? Ba na gaya maka ba? Ta san ba taka ba ce, shi ya sa..."

"Mama, nan asibiti ne," in ji likitan. "Ku yi wannan a gida. Ni abu ɗaya nake so in sani, kuma a kansa zan zaɓi allurar da zan yi mata. Yaushe rabon da a shafa mata? In tuntuni aka daina, hanya daban. In har yanzu ana shafawa, jikinta ya riga ya dogara da shi, akwai abin da dole in ba ta kafin komai. In kuka ba ni amsar da ba ita ba, ni zan yi kuskure, ita za ta biya."

"Na daina," in ji Liyatu. "Ya fi wata."

"Ba gaskiya ba ne, likita," in ji Eva. "Shinshina wuyanta. Sabo ne."

"Na rantse..."

"Yaya, rantsuwarki ba za ta tashe ta ba! Ki faɗi gaskiya sau ɗaya a rayuwarki!"

"Gaskiyar ke nan! Me kike so in ce? Ku kashe ni, amma na daina!"

Likitan ya buɗe robar, ya taɓa ɓawon da ya bushe a sama.

"Wannan dai an daɗe ba a taɓa ta ba." Ya rufe. "To. Zan ɗauka a kan ya fi wata."

Ya juya zai koma ciki.

"Yau da safe."

Kwaji ne ya yi maganar.

Likitan ya tsaya.

"Me ka ce?"

"Yau da safe aka shafa mata. Jiya ma. Kullum."

Ya sauke jakar aikinsa daga kafaɗa. Zip ɗin ya ƙi buɗuwa sai da ya fizge shi. Daga ƙarƙashin littattafan ɗalibai ya fito da wata roba, ya ajiye kusa da ta farko.

Iri ɗaya. Jan murfi ɗaya. Sai dai wannan saura kaɗan ta ƙare.

"Ta biyu ke nan," ya ce. "Ta farkon da na saya ta ƙare."

Likitan bai tsaya jin sauran ba. Ya ɗauki robar Kwaji ya shige ciki da sauri, yana kiran sunan Halimat.

Suka rage su huɗu da roba ɗaya a kan benci.

"Baban Vanessa," in ji Liyatu. "Kai?"

"Ta ce na yara ne. Ta ce ba shi da ƙarfi."

"Anti Victoria," in ji Eva. Ba tambaya take yi ba.

Ya gyaɗa kai.

"Ta sayar wa uwa, ta sayar wa uba, ba ta gaya wa kowa ba. Kai kuma malamin makaranta! Kai da ke koya wa 'ya'yan mutane kimiyya!"

"Faɗi, Eva. Duk abin da za ki faɗa, faɗi."

Mama ta kama rigarsa.

"Kwaji, ka haukace ne? Kana rufa wa wani ƙato asiri da hannunka?"

"Babu wani ƙato, Mama. Tawa ce."

"To baƙin daga ina?"

"Daga uwarta."

Liyatu ta ja baya har ta bugi bango.

Kwaji bai kalli uwarsa ba. Matarsa yake kallo.

"Kin tuna taron matasan coci da aka yi a Maiha, kina sakandare? Kun zo da mawaƙan cocinku. Ke kika ja waƙar ƙarshe, da farar riga da ta yi miki yawa. Da aka tashi kun je mayo, rafin garin, wankin kwanuka, kika zame kika faɗa ruwa, kika fito kina dariya."

"Ba ka... ba ka can."

"Ina can. Ni ne mai ɗaukar lasifika. Ba ki kalle ni ba ko sau ɗaya. Baƙa ce ke, Liyatu. Kin fi Eva. Shekaru na yi ina tambayar inda yarinyar nan ta shiga. Da na same ki a Yola kin riga kin canja. Da muryarki na gane ki."

"Ka sani."

"Tun ranar farko."

"Ka sani, ba ka faɗa ba."

"Na ga yadda kike ɓoye hannunki in muna cin abinci. Na ga yadda kike kulle banɗaki. Na ce in na faɗa kunya za ta kashe ki. Na ce wata rana za ki gaya min da kanki. Da Mama ta fara maganar kunne, ta fara aika magana gida Michika, na ga abu biyu ne. Ko in tona ki a gaban dangi, ko in bari su kira ki mazinaciya. Sai na ce in yarinyar ta ɗan yi haske kowa zai yi shiru. Kaɗan kawai. Zuwa ta yi wayo."

Liyatu ta ɗaga hannuwanta biyu tana kallonsu. Farar fatar da ta yi laushi kamar takarda, baƙaƙen gaɓoɓi, jijiyoyi kore a waje.

"Duk wannan," ta ce. "Duk wannan da na yi. Baƙar kake nema?"



Wata irin dariya ta ƙwace mata, mara daɗin ji. Ta zame jikin bango har ƙasa. Dariyar ta koma wani abu daban, mutanen da ke jiran layi suka fara juyowa.

Mama Miriyamu ta zauna a bakin benci, nesa da robar.

"Ni wasa na yi," ta ce, ba da kowa take ba. "Kowa na duba kunne. Uwata ta duba nawa. Ni wasa na yi."



Eva ta matsa jikin ƙofar ɗakin yaran. Ba ta gama rufuwa ba. Ta tsagar ta hango bayan likitan a sunkuye, Halimat na miƙa masa abu da sauri, wata nas ɗin na gudu da kwalba. Tsakanin hannuwansu ta ga gefen kan Vanessa. Kumatu ja, goshi fari.

Da kunnen. Ɗan saman nan da ya lanƙwashe, inda hannun uwa da na uba duk ba su kai ba. Yana nan baƙi, lafiyayye, mai sheƙi, irin na Baba.

Wani ya tura ƙofar daga ciki, ta rufe.

Suka jira. Kwaji a tsaye, Liyatu a ƙasa, Mama na murza bakin zaninta. Daga ciki babu kukan yaro. Eva ta kasa kunne. Ko nishin nan da ta tarar da safe, yanzu shi take roƙo ta ji.

Ƙofar ta buɗe.

Halimat ce. Ta cire safar hannu ɗaya, ɗayar na nan. A kafaɗarta akwai zanin goyon Vanessa, a ninke.

Ta kalli Liyatu a ƙasa. Ta kalli Kwaji. Ta tsallake Mama. Idonta ya tsaya a kan Eva.

"A cikinku," ta ce a hankali, "wa zai iya shigowa?"